Wayar da ke Rataye a Zaure

Alhamis. Aikin farko: karɓo kwaɗon akwati daga wurin mai gyara a bakin kasuwa. An yi.

Limancin Kona,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin wutar lantarkin da za ka yi aiki da ita. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. A littafin da nake rubuta ayyukan yini na fara ta, shi ya sa ka ga maganar kwaɗo a sama. Zan yage shafukan in sa su a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin riguna, don kada ka gan su sai ka sauka. Na so in yi maka maganar baki da baki. Ranar Talata na tsayar da kai a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai na ji bakina yana cewa ka duba tayar kekena. Jiya ma na tsayar da kai, na tambaye ka ko an ɗaure katifa. Ka ce an ɗaure. Muka tsaya muna kallon ƙasa, ka wuce.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba. Haka muka taras ana yi, ban kuma ce laifi ne ba. Amma na lura da wani abu a kaina: kunyar ɗan fari ta hana ni yabonka, ba ta taɓa hana ni yi maka faɗa ba.

Innarka ta gaya mini abin da ka ce. Wai in ka tafi kada a sa ran ganinka da Sallah, ma'aikatan masaƙa ba su da hutu. Abba, a unguwar nan kaɗai na san masu aiki a masaƙa da suke zuwa gida duk ƙarshen wata, har da tsarabar atamfa. Kaduna ba nisa. Ba rashin hutu ba ne. Maganar waya ce, ni da kai mun sani.

Bari in rubuta abin yadda ya faru, don in ban rubuta abu ba, ba na yarda na fahimce shi. Ka ce kana so ka murɗa wa Innarka munduwar tagulla da hannunka kafin ka tafi. Na yi murna, ban nuna ba. Na ce ni zan gasa maka wayar a wuta ta yi laushi, kai ka ja ta a ƙarfen ja, wato ƙarfen kakanka mai jerin hujoji daga babba zuwa ƙarami. Na gasa, na miƙa maka, na shiga cikin gida shan ruwa. Ina fitowa na ji ɗas, wayar ta tsinke a bakin huji. Malam Iro maƙerin baƙi yana zaune a bakin zaure, da Alhaji Tanko mai tireda da ya zo karɓar zobensa.

Na ce, "Ban ce maka huji biyu a koma wuta ba? Ka yi gaggawa."

Ka ce, "Baba, huji biyu na ja."

Na ce, "Tagulla ba ta ƙarya. Wanda ya kasa haƙuri da waya a zauren ubansa, shi za a ba wa amanar wutar kamfani?"

Malam Iro ya yi dariya ya ce, "Ka turo mini shi, Malam Lawal. Mu ƙarfenmu ba ya shagwaɓa irin na 'yan ƙirar fari."

Ka ajiye awartaki a hankali, ka ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba." Ka fita. Tun daga ranar ba ka sake zama a zauren ba, sai dai ka ratsa shi da sauri kamar gidan wani.

Akwai abin da na gano game da wayar nan. Amma ba zai shige ka ba sai na bi da kai ta hanyar da ni na bi, kuma hanyar cike take da kurakuraina. Ka yi haƙuri da tsawon takardar. Sau uku ina tashi daga kanta, in leƙa tsakar gida, in dawo.

Ka san haƙorina na gaba da ya gutsure. Kun sha tambaya kuna yara, in ce faɗuwa na yi. To, faɗuwar ce, amma ga yadda aka yi. Ina hutun sakandare kakanka ya ba ni waya in ja masa, ya ce huji biyu ko uku in mayar da ita wuta. Na ga hura wuta ɓata lokaci ne, ga abokaina suna jirana za mu je ƙwallo. Na ci gaba da ja. Kowane huji wayar tana ƙara tauri, tana ƙara ƙi, ni kuwa ina jin daɗi wai ƙarfina ne yake aiki. Na kafa ƙafa a jikin gungume, na ja da iyakar ƙarfina, ta tsinke, awartaki ya dawo mini a baki, na faɗi da baya cikin kwandon gawayi. Kakanka ya jira sai da ya ga jinin ya tsaya. Sannan ya ce, "Tun huji na huɗu take gaya maka ta gaji, kai ne ba ka ji."

Shawarata ta farko ke nan. In abu ya fara ƙi a hannunka, ko ƙusa ce ko waya ko inji, kada ka ƙara ƙarfi. Ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa ya ƙi.

A lokacin ban san me ya sa ja yake taurara tagulla ba, wuta kuma ta mayar da ita laushi. Kakanka ma bai sani ba, hannunsa ne ya sani. Sai da na sami aikin mataimaki a ɗakin gwajin ƙarafa a Samaru na gani da idona. Ban taɓa zaunar da kai na yi maka bayanin ba, ina cewa sai ka girma, ga shi ka girma har za ka tafi.

Ana yanko ɗan guntun waya, a kafa shi a cikin roba ya daskare, a goge fuskarsa da takarda mai yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan da ƙyalle, har ya zama kana ganin idonka a ciki. Sai a ɗiga masa wani ruwan magani mai ci, a wanke, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Ka tuna ranar da muka hau Dutsen Kufena da damina, ka ce gonaki sun zama kamar facin riga? Haka cikin tagulla yake. Ba dunƙule ɗaya ba ce kamar yadda ido yake gani. Ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da iyakarta, kamar gonakin nan.

In aka ja waya ta huji, ƙwayoyin ba su da wurin zuwa sai su miƙe. Huji bayan huji suna ƙara tsawo da siranta, har su zama kamar zaren rama da aka jera. A cikinsu kuma komai ya cakuɗe ya sarƙe, babu sauran inda wani ɓangare zai zame ya ba wani hanya. Wannan shi ne taurin da hannu yake ji. Wayar ta yi ƙarfi, amma ba ta da sauran juriya. Ka ƙara mata kaɗan ta tsinke. Abin da ya ci mini haƙori ke nan.

In aka sa ta a wuta daidai gwargwado, abin mamaki yake faruwa. Dogayen ƙwayoyin ba komawa suke yi yadda suke da ba. Sababbi ne suke tsirowa a tsakaninsu, ƙanana, lafiyayyu, su yi ta cin tsofaffin har su cinye su. Ka duba a madubi ka ga gonakin sun dawo, amma ba gonakin da ba ne, sabon rabo ne. Waya ta yi laushi, ka naɗa ta a yatsa. Ko ka tsoma ta a ruwa da zafinta, ko ka bar ta ta huce a iska, duk ɗaya ne a wurin tagulla. Wannan ne Malam Iro ya ƙi yarda da shi shekara da shekaru, don shi in ya tsoma bakin gatari a ruwa tauri yake yi.

Akwai hali na uku, ka riƙe shi don zan dawo kansa. In wuta ta yi yawa, ko aka bar waya ta daɗe a ciki, sababbin ƙwayoyin ba sa tsayawa. Manya su fara haɗiye ƙanana, kamar mai hali yana saye gonakin maƙwabta, har ya zama 'yan ƙwayoyi ƙalilan ne suka cika kaurin wayar. A hannu za ka ji ta da laushi, ka ce ta gasu da kyau. Amma kana janta sai jikinta ya yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo, ta tsinke tun ba a je ko'ina ba.

Kuskurena na biyu a ɗakin gwajin na yi shi, a shekarata ta farko. Shugaban ɗakin ya ba ni guntu ya ce in goge, in duba, in zana abin da na gani. An rubuta a jikin kwalin cewa gasasshiyar waya ce. Na leƙa madubi, ban ga komai sosai ba don ban goge da kyau ba, amma na san hoton da ke cikin littafi, sai na zana shi tsaf, har da inuwa. Ya karɓa, ya leƙa madubin da kansa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Lawal, wannan abin da ka gani ne, ko abin da ka sani?" Ashe an yi kuskuren kwali, jayayyiyar waya ce ba a gasa ba. Bai yi mini faɗa ba, ya ce in sake gogewa. Na fi son da ya yi faɗan.

To kai ma za a miƙo maka abubuwa da suna a jikinsu. Za a ce maka wannan layin a kashe yake, wannan injin lafiyarsa ƙalau. Kada ka yi aiki da abin da aka rubuta ko abin da aka ce. Ka gwada da kanka. In za ka taɓa waya, ka kashe wutar da hannunka, ka cire fis ɗin ka sa a aljihunka, ko da babban injiniya ne ya rantse maka ya kashe. In sun yi maka dariya su yi.

Na uku ƙarami ne amma ya kusa cin gidan nan. Shekarar da aka kawo mana lantarki, ni na ja wayoyin ɗakin Innarka, ina ganin ai ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne. A wurin makunni na lanƙwasa bakin waya bai zauna ba, na miƙe shi, na sake lanƙwasawa, na sake miƙewa, ga shi kuma wuƙa ta ɗan ci shi wajen fere roba. Lanƙwasa da miƙewa ma ja ne a wurin tagulla, wurin yana taurara kamar an bi da shi ta huji. Na ɗaure a haka na rufe. Bayan 'yan watanni ya tsage a ciki, yana taɓawa yana saki, yana zafi. Innarka ce ta ji ƙauri tana tankaɗe, ta ce, "Malam, ko dai wutar taka ce take dafa kanta?" Na buɗe na tarar roba ta narke, katakon ya yi baƙi. Abin da na koya wa ɗalibai da safe shi na take da yamma a gidana.

Don haka in bakin waya ya sha lanƙwasa, kada ka ji tausayin ɗan guntun. Ka datse shi, ka fere sabo, ka lanƙwasa sau ɗaya. A masaƙa auduga ce ko'ina, tartsatsi ɗaya ya isa.

Na sake tashi. Innarka tana soya maka dambun nama, ta ce in daina zirga-zirga ina tayar mata da kaji. Bari in zo kan maganar, na daɗe ina kewaye ta.

Ranar Litinin na ɗauki guntun da ya tsinke a hannunka na sa a aljihu na hau keke zuwa Samaru. Kada ka ɗauka don in wanke ka na kai shi. Don in kama ka na kai shi. Na ƙudura zan goge shi, in zana dogayen ƙwayoyin nan masu kamar zaren rama, in kawo maka takardar in ce ga shaidar gaggawarka, ka tafi da ita ta zama maka darasi. Tun daga Ƙofar Doka har Samaru ina shirya kalmomin da zan faɗa.

Na goge, na ɗiga magani, na leƙa. Babu zaren rama. Manyan ƙwayoyi ne jibga-jibga, 'yan kaɗan, sun ɗan miƙe kaɗan kawai, daidai miƙewar da huji biyu zai yi musu.

Na ce ban goge da kyau ba, na sake. Haka. Na ce watakila tagullar ce ba ta da kyau tun asali, ka san tsohuwar waya ce na narkar. Washegari na kai guntu daga ragowar da ba a kai ga gasawa ba. Lafiyarta ƙalau, ƙwayoyinta ƙanana, jayayyu kamar yadda ya kamata. Na kai wani daga cikin naɗin da na gasa maka, wanda ba ka kai ga ja ba. Jibga-jibga. Na rasa inda zan ɓuya. Na fito da guntunka waje na duba shi a rana, ga ƙurji-ƙurjin ɓawon lemo a jikinsa, wanda ko ba madubi ya kamata in gani tun a zaure, da na duba kafin in buɗe baki.

Sai ranar ta dawo mini. Ka san ƙa'idar gidanmu: ba a gashin tagulla sai an saki asabari zaure ya yi duhu, don jan da ake nema ja ne mai duhu, kamar garwashin da ya fara mutuwa, kuma ba a ganinsa a haske. Da ya bayyana a cire. Ran nan ana zafi, hadari ya taso bai zubar ba. Malam Iro ya zauna a bakin ƙofa ya naɗe asabarin don ya sha iska, rana ta faɗo har kan murhu. Muna ta gardama, shi yana cewa tun da aka koma tuƙi a hannun dama direbobi suka haukace, ni ina cewa da ma can haka suke. Ina zuga wuta ina jiran in ga ja. A cikin hasken nan, kafin idona ya ga ja, wayar ta daɗe da wuce inda ake so. Na tsoma ta a ruwan tsamiya, ta fito jawur tana ƙyalli, na lanƙwasa na ji laushi, na miƙa maka. Ƙonanniyar waya na miƙa maka, Abba. Ko kakanka ne ya ja ta sai ta tsinke.

Jiya da yamma na biya ta maƙerar Malam Iro. Na ce masa, "Kai ka ɗage mini asabari ran nan."

Ya ce, "To ni ne a bakin wutar? Ni iska na zo sha."

Na gaya masa abin da na gani a madubi. Ya ajiye guduma, ya share gumi, ya ce, "Ni ban san ƙwayoyinku ba. Amma ka ce yaron gaskiya ya faɗa?"

Na ce gaskiya ya faɗa.

Ya ce, "Kai, har da ni a dariya. To ka je ka gaya masa mana."

Na ce, "Ta ina zan fara?"

Ya ce, "Da baki, Malam Lawal. Yadda ka fara waccan."

Na dawo gida da niyya, na tarar da kai a tsakar gida, shi ne na tambaye ka maganar katifa.

Innarka kuwa da na yi mata bayani, ba ta bari na kai ga ƙwayoyin ba. Ta ce, "Ni munduwa ba ta dame ni ba, hannuna bai yi ƙara ba. Yaron nan ne ba ya cin abinci." Ita ma ka san ba ta iya kama sunanka, amma tun ran nan take zuba maka miya ta musamman tana cewa ragowa ce.

To ga shi a rubuce, tun da bakina ya ƙi. Huji biyu ka ja. Gaskiya ka faɗa, na ƙaryata ka a gaban mutane. Ba ka yi gaggawa ba, ni na yi sakaci. Maganar da na yi ta wutar kamfani ba ta da tushe. Ni da na kusa ƙona ɗakin Innarka ba ni da bakin faɗinta. Na ga yadda kake aiki tun kana ƙarami, kana jera kayan aiki kafin ka fara, kana share wuri in ka gama, kuma ban taɓa gaya maka cewa hannunka ya fi nawa natsuwa ba. Ya fi. Ka yafe mini.

Tun da a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Gobe in an sauko daga masallacin Juma'a zan tsayar da Malam Iro da Alhaji Tanko in gaya musu wanda ya ƙona wayar. Ban sani ba ko zan iya yi kana tsaye a wurin. In ka ga na yi, to ka riga ka san abin da ke cikin takardar nan kafin ka buɗe ta. In ka ga ban yi a gabanka ba, ka tambayi Malam Iro, ba ya rufa wa kowa asiri.

Shawarar da ke cikin wannan ita ce mafi wuya, don ni kaina sau biyu ke nan ina faɗawa ramin. Wata rana za a sa wani a ƙarƙashinka. Abu zai lalace a hannunsa. Wanda abu ya tsinke a hannunsa ba lallai shi ya ɓata shi ba. Sau da yawa ɓarnar tana hannun wanda ya miƙo. Kafin ka yi magana ka ɗauki guntun ka duba. In ya ce maka ga abin da ya yi, ka ɗauka gaskiya ne har sai ka ga akasi da idonka. In kuma faɗan ya zama dole, ka ja shi gefe.

Ɗazu na fara rubuta maka cewa mutum ma kamar waya yake, in aka yi ta jansa ba hutu sai ya taurare. Na soke layin, za ka ga wurin. Ban yarda da misalin ba. Waya ba ta jin kunya a gaban maƙwabta, ba ta kuma kwana da magana a ranta. Ni dai tagulla na ɗan sani, ita ma ga yadda ta yi da ni.

Saura maganar naɗin. Yana nan, na rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofar zaure. Na duba shi da kyau, bai mutu ba, wutar ba ta kai ga cin jikinsa ba. Akwai gyara. Za a bi da shi ta hujojin a hankali, da man gyaɗa, ba fizga, har manyan ƙwayoyin su miƙe su gaji. In ya tsinke a wani wuri a fere baki a ci gaba. Sannan a gasa shi yadda ya kamata, cikin duhu, sababbi ƙanana su tsiro. Daga nan zai jawu har siririn da ake so, a murɗa munduwa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya gyaru da kansa. Ko shekara nawa ya yi a kan ƙusa, yadda na ƙona shi haka zai zauna. Na yi kwana da kwanaki ina jiran abu ya wuce da kansa a gidan nan, na ga bai wuce ba.

Zan iya yin aikin ni kaɗai in ba Innarka munduwar in ce daga gare ka. Na yi tunanin haka, na fasa. Na farko, ƙarya ce. Na biyu, ban ƙara yarda da idona ba. Na ɗora wa asabari laifi, amma a wurin aiki ma na fara matso da takarda kusa da hanci, kuma da magariba ba na rarrabe mai zuwa sai ya yi sallama. Ina bukatar wanda zai tsaya a kan wuta ya ce mini, "Baba, ya isa, cire." Ni zan riƙe zugazugi. Kai za ka duba launi, kai za ka ja, kuma duk abin da ka ce ka ja, shi ne.

Ban ce dole ka zo da Sallah ba. In aiki ya hana, ya hana. In kuma zuciya ce ba ta huce ba, ba ni da ikon tilasta mata, ni na hura ta. Amma gawayin ƙirya zan saya in ajiye, kuma zan gaya wa Malam Iro duk ranar da ya ga asabari a sake, ya nemi iskarsa a wani wuri.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ko aikin dare aka sa ka. Ka ci abinci. In ka sauka ka aiko da saƙo ta hannun direban da ya kai ka, don Innarka ba za ta zauna ba sai ta ji, ni ma dai haka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi mu, Ya tsare hannunka da idonka, Ya haɗa ka da shugabanni masu dubawa kafin su yi magana. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin summa amin.

Mahaifinka,
Lawal.

Juma'a, in Allah Ya kai mu:

Gwada kwaɗon a jikin akwati, mabuɗi ɗaya ga Abba, ɗaya ga Innarsa.
Igiyar katifa ta yi gajarta, a ƙaro.
Direban Kaduna, a tabbatar da wurin zama na Asabar.
Bayan masallaci: Malam Iro da Alhaji Tanko. Kada in fara da maganar keke.
Gawayin ƙirya.
Asibitin ido, a tambayi ranar da ake gani.
Takardar nan, ƙasan akwati, kafin a rufe.
Wayar da ke kan ƙusa: kada kowa ya taɓa, sai Abba ya zo.